Fitilar Silin da Ta Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu, kafin in hura kofi, sai wani ya ce, "Baba Sale, wai da gaske ne an kwantar da kai a gadon masu ciki?" In na fara ba da labari, sai wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Na gaji. Shi ya sa na nemi takarda da biro. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshensa ba, don malamin ya ce surutuna yana hana manya gane baƙi. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Amsar tambayarku ita ce e, an kwantar da ni. Amma ku bari in zo wurin ta hanya.

Ga wanda bai san ni ba, ni maƙerin gwangwani ne a Tudun Wada. Mazurari, rariya, bokiti, fitilar aci-bal-bal, duk abin da almakashi zai yanka dalma ta liƙe, aikina ne. Ina da 'ya ta fari, ungozoma ce mai takarda. Sunanta na yanka ba ya fita a bakina, kun san al'ada, tun ranar da ta sa farar riga nake ce mata Sista, unguwa ma ta ɗauka. Ita da abokiyar aikinta Madam Rifkatu, mutuniyar Kagoro, suka bar babban asibiti suka kama ɗaki a Unguwar Sanusi, suka buɗe wurin awon ciki da karɓar haihuwa. Kafinta ya raba ɗakin biyu da katako, gefe ɗaya bencin jira, gefe ɗaya gadon awo. Katakon bai kai silin ba, an bar sarari a sama don iska ta ratsa.

Ranar da na je dubawa, na ɗaga kai na ga ƙwan lantarki yana lilo a waya, tsirara, kamar a shagon mai faci. Na ce wallahi 'yar maƙeri ba za ta yi aiki a ƙarƙashin wannan ba. Na samo farin ƙarfe, na yanka shi da faɗin babban faifai, na buge shi ya kwanta sumul, na huda tsakiya inda ƙwai zai zauna. Sannan na zauna gugarsa da toka da lemun tsami har hannuna ya yi kanta. Mu a sana'armu ƙyalli shi ne mutunci. Bokitin da ba ya ɗaukar ido, ko ba ya yoyo, ba a ce an gama shi ba. Na rataya shi daidai saman gadon awo. Aka kunna, ɗaki ya yi fes. Duk matar da ta shigo, Sista sai ta nuna sama ta ce, "Babana ne ya ƙera."

Da farko mata sun yi ta zuwa, har daga Romi. Daga baya abin ya soma ba da mamaki. Mace za ta zo awo sau ɗaya, a rabu lafiya da godiya, a sa mata ranar dawowa, shi ke nan ba za a sake ganinta ba. Madam Rifkatu ta sauya labule. Ta sa aka sake wanke ɗakin da sabulu mai ƙamshi. Har ta ce ko bakinta ne ya yi kaifi, ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar amarya. Benci dai ya ci gaba da zama fanko.

Wadda ta fi tsaya wa Sista a rai ita ce Talatu. Iyayenta sun yi haya a gidana shekara da shekaru, a tsakar gidana ta yi rarrafe, kuma da ta yi aure ita da mijinta Bitrus, mai aiki a masaƙa a Kakuri, suka karɓi ɗakin. Cikinta na farko jijjiga ta kama ta, aka rasa ɗan, ita ma da ƙyar aka same ta. Ga wani cikin ya tsufa, ƙafafunta sun soma kumbura har silifa ba ya shiga. Ta je wurin Sista sau ɗaya, ta ƙi komawa. In Sista ta zo gida ta ce, "Talatu, ina jiranki," sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Anti, zan zo." Babban asibiti kuwa, inda ta rasa na farko, ko sunansa ba ta son ji.

Wata rana Sista ta zo gaishe mu, ta zauna jugum. Mai ɗakina, wadda asalinta mutuniyar Damagaram ce, ba ta magana da 'yar fari kai tsaye. Sai ta juya wa yarinyar baya, ta fuskanci tukunya, ta ce da ni, "A gaya wa waccan ta je wurin Mariama ta ga yadda ake yi. Ai an buɗe iyaka. Kai kuma ka raka ta, tunda ba abin da kake yi sai surutu. Ka ƙera irin fitilar nan taka ka kai wa Mariama tsaraba."

Mariama ƙanwarta ce, ita ma ungozoma ce a can, ta tsufa a cikin aikin. Ni kuwa da na ji an ce a kai aikina ƙasar waje, ban tsaya tambayar komai ba. Na ƙera ƙarama, na goge ta har ta fi ta farko, na naɗe a zani na sa a buhu.

Kafin tafiya sai da aka yi mini allurar da ake nuna katinta a iyaka. Ba zan ɓoye ba, mutum biyu suka riƙe ni, ɗaya daga ciki 'yata ce.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Kano. An ce zai iso da hantsi, bai shigo tasha ba sai da muka yi azahar. A ciki na sami wuri tsakanin wani mai tallan magani, wanda kwalba ɗaya tasa ke warkar da basir da mantuwa da rashin kasuwa, da wata mata mai kwandon kaji. Kafin Zariya jirgi ya yi wata girgiza, buhuna ya faɗo daga sama, fitila ta zame daga zani ta mirgina har gaban wata amarya da ake kai wa Kano. Yarinyar ta ɗauka, ta duba, ta ɗora a gwiwa, ta ciro tandun kwallinta ta gyara idonta tsaf, sannan ta miƙa wa ƙawarta. Sai da ta zaga mata huɗu ko biyar kafin ta dawo hannuna. Na zunguri Sista na ce, "Kin ga aiki ko?" Ta yi murmushin yaƙe, ta ce, "Baba, ƙafar Talatu nake tunani."

A Kano muka sauka a Fagge, gidan wani abokin sana'ata da muka koyi aiki tare. Sista ta shiga cikin gida wurin mata, ni aka shimfiɗa mini a zaure. Abokina ya karrama ni da tuwon shinkafa da miyar taushe. Kuɗin cizon zaurensa su ma suka karrama kansu da ni. Da safe ya ce yaya kwanan baƙunta, na ce lafiya lau, sai dai iyalinsa na zaure suna da yawa.

Daga nan motar fijo ce zuwa Daura. Direban ya ce saboda girma a ba ni gaba. Ashe girman gaba shi ne a haɗa ka da wani ƙato a kujera ɗaya, duk lokacin da za a sauya giya a buge maka gwiwa a ce, "Baba, a ɗan gyara." A Daura muka sha fura, muka sake mota zuwa Kongolam.

A gefenmu na iyaka ba a daɗe ba. Wani jami'i ya dubi katin allurata ya dube ni ya ce, "Baba, ka yi kuka?" Na ce ban yi ba. Sista ta kau da kai. Amma da muka tsallaka gefen Nijar sai na ga wata duniya. Kowa ya sauko, a jera layi, a karɓi takardu a shiga da su ɗaki, sai an kira sunanka ka amsa kamar ɗan makaranta. Jandarmominsu ba sa ihu, ba sa kuma dariya. Muna cikin layi rana ta take, sai kawai aka rufe taga. Na tambayi na kusa da ni ko mutuwa aka yi. Ya ce a'a, hutun rana ne, haka ake yi a ƙasar nan, ofis da kanti da komai, sai rana ta karya. Na ce ikon Allah, ƙasa guda ta kwanta barci da rana tsaka, mu a Kaduna in ka yi haka a ce ba ka da zuciya. Muka zauna gindin bishiya. Ban san lokacin da ni ma na bi dokar ƙasa ba, sai ji na yi Sista tana tashina.

Da aka buɗe, wani dogon jandarma mai gashin baki ya nuna buhuna. Na kwance. Ya ɗaga fitila, ya juya ta, sai ya tsaya cak. Ya gyara zaman hularsa. Ya murza gashin baki na dama, ya murza na hagu. Ya kira abokinsa da Faransanci, shi ma ya zo ya buɗe baki ya duba haƙoransa. Sannan ya ce da ni da Hausa, "Tsoho, mi ne ne wannan?"

Na ce, "Fitilar silin ce, ranka ya daɗe. Ta asibitin mata."

Ya dube ni, ya dubi fitila, ya ce, "Ta mata?" Ya miƙo mini ita a hankali, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Ni a lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Muka wuce Matamaye, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Gari ne na duwatsu da 'yan garuwa. Hausa suke yi kamar mu, sai dai inda muke cewa lafiya su ce lahiya, fitila kuma hitila. Ruwa a wurinsu ba abin wasa ba ne. Wanda aka kawo mini na wanka, a Tudun Wada da shi nake wanke ƙafa. Na yi wanka na fito, kunnena ɗaya bai san an yi ba. Burodinsu kuwa dogo ne siriri kamar sanda, kowa ya saƙalo nasa a hammata ba ko takarda. Da zafinsa akwai daɗi. In ya kwana, za ka iya korar akuya da shi. An kawo mini soyayyar fara da yaji cike da kwano, na ce ni ba na ci, daga baya aka dawo ɗaukar kwanon aka tarar da ƙafafu kawai.

Mariama ba ta gida da muka isa. Can sai na ji ƙarar ƙaramin babur, sai ga mace ƙatuwa ta shigo da shi har tsakar gida, mayafi ɗaure a ƙugu. Ni ban taɓa ganin mace mai jikoki a kan babur ba. Ta kashe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa nike gani haka? Mijina ne ya tsuhwa haka? Ina haƙoran da ka auri yayata da su?"

Na ce, "Suna wurin yayarki, tuwonta ne ya cinye su. Ke kuma wa ya ba ki babur? Tausayinsa nake ji."

"Ka hau in kai ka kasuwa in saida, ko kuɗin goro na samu."

Ta rungume Sista, tana "ɗiyata, ɗiyata." Suka shige ɗaki. Ina jin muryar Sista tana ba da labarin bencin da ba kowa, da labarin Talatu. Ba na jin ta Mariama, sai "uhm" kawai.

Washegari muka bi ta wurin aikinta, wani ƙaramin gidan haihuwa a bayan kasuwa. Tsakar gidan cike da mata, wasu a tabarma, wasu da tulun ciki suna kai da kawowa, ana hira ana dariya kamar gidan suna. Maza kuwa akwai bishiyar dogon yaro a ƙofar gida, nan ne iyakarmu. Na zauna cikin mazajen mutane, aka yi ta ba ni shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, mai ɗaci kamar maɗaci, in ka shanye a sake zubo wani. Wani ya tambaye ni wata nawa cikin matata. Na ce ya kusa shekara talatin da sauka.

Da hutun rana ya yi, mata suka watse, Mariama ta leƙo ta ce, "Tsoho, taho da tsarabar taka."

Na shiga da buhuna ina taƙama. Ɗakin awonta bai kai na Sista kyau ba, na lura da wannan, na ji daɗi. Na kwance zani na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta duba, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki. Sannan ta ce da Sista, "Babbar hitilar, ina kuka rataya ta?"

Sista ta ce, "Daidai saman gadon awo, Inna. Ki ga yadda take haske. Har fuskarki kina gani a ciki."

Mariama ta ce, "Huska kaɗai?"

Sista ta sake duban fitilar. Mariama ta ci gaba.

"Ɗiyata, tun da kuka buɗe, kin taɓa kwantawa bisa gadon nan naku?"

"A'a, Inna."

"Abokiyar aikinki hwa?"

"Ita ma a'a."

"To hau nawa."

Sista ta cire takalmi ta hau ta kwanta rigingine. Mariama ta jawo kujera ta taka, kujerar tana kuka, ta ɗaga fitilata sama daidai kanta. Sista ta duba sau ɗaya. Sai ta sa hannu biyu ta rufe fuska, ta ce, "Innalillahi."

Ni kuwa ina tsaye ina cewa, "To mene ne? Ai ba a ma kunna ba. Ku bari a sa mata ƙwai ku gani."

Mariama ta ce, "Sauko, ɗiyata. Tsoho, hau."

Na ce, "Ni? Gadon masu ciki? A'uzubillahi."

"Cikinka ya hi na wasu da na auna yau. Hau, ko in kira mazan da ke gindin bishiya su ɗora ka."

To, jama'ar benci, ga wurin da kuke ta tambaya. Na cire hula na hau. Gadon dogo ne, ga sanyin leda. Ta ce in lanƙwasa gwiwa, na lanƙwasa. Ta ɗaga fitila. Na ɗaga ido, sai ga wani tsoho a sama yana kallona. Riga ta tattare ta koma ƙirji, tumbi a waje, zariyar wando ta yi baƙi, gwiwoyi a buɗe kamar kazar da za a gasa, har fason dugadugina ina gani. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kaina gaba ɗaya haka ba, kuma ban ji daɗin haɗuwar ba.

Mariama ta ce, "Kai da wandonka ke nan. Yanzu ka cire shi cikin zuciyarka. Ka zama yarinya mai cikin hwari, tana jin tsoro, an ce ta kwance zani."

Ina nan kwance ina kallon sama. Sai na ji muryar Sista daga gefe, ƙasa-ƙasa.

"Baba, katakonmu bai kai silin ba."

Nan ne abin ya sauko mini har ƙafa. Duk wadda ke zaune a bencin jira, in ta ɗaga kai, ta sararin nan na sama za ta hango fitilata, a cikin fitilar kuma ta hango wadda ke kwance. Maƙwabciya ta ga maƙwabciya. Kowace ta gani tana jira, sannan ta shiga ta kwanta ta san ana ganinta. Kuma wace ce za ta buɗe baki ta faɗa, alhali ana shigowa an ce mata, "Babana ne ya ƙera"? Na tuna Talatu da ke ce mini Baba tun ba ta iya tafiya ba.

Na yunƙura zan sauka, Mariama ta ce, "Tsaya, ba a sallame ka ba. Dubi tawa."

Ta sauke hannu ta kunna tata. Wani tsohon kwanon sha ne, fentinsa ya ɓaɓɓalle, an rataye shi da waya uku bakinsa yana kallon sama, ƙwan yana ciki. Ba ka ganin ƙwan sam. Hasken yana bugun farin silin ya dawo a hankali, ba ya soka ido. Wallahi a matsayina na maƙeri, in yarona ya yi wannan aikin sai na kore shi. Amma ina kwance a ƙarƙashinsa na ji numfashina ya daidaita.

Ta ce, "Wadda nike aiki da ita ga ta nan," ta nuna wata fitila mai dogon wuya a ƙarshen gado, wadda ake lanƙwasawa inda ake so. "Wannan tawa ce. Ta sama ta mai kwanciya ce. Ni ma ban sani ba sai da na haihi ɗana na hwari ƙarƙashin ƙwai tsirara, ina naƙuda yana cin idona. Masu rataya hitila duk a tsaye suke rataya ta, ba mai tambayar wadda za ta kwanta."

Na sauka ina neman hulata. Sai Sista ta ce a dakata, ta sake hawa gadon. Ta daɗe tana kallon kwanon nan. Ni na ɗauka kuka za ta yi. Can ta ce, "Inna, taki ba ta cin ido, amma gindinta baƙi ne, ba abin kallo. Mace in tana jin tsoro tana son inda za ta ajiye idonta. Baba, za ka iya huda gindin kamar rariya, amma da zane? Ƙananan huji, yadda haske zai ɗan tsattsafo. Kuma kada a goge. A shafa fenti marar ƙyalli. A matsar da ita wajen kai, ba tsakiyar gado ba."

Mariama ta sauko daga kujera, ta riƙe ƙugu, ta dubi kwanonta, ta dubi yarinyar. Ta ce, "Shekara nawa ina ƙarƙashin kwanon nan, wannan bai zo mini ba. Tsoho, a ina ka samo wannan ɗiya? Ba dai kai ta biyo ba."

Na ce, "Ni ta biyo. Hujin rariya ai gadon gidanmu ne."

Ina faɗa ina dariya, amma sai da na juya na goge ido da hula. An kunyata ni a ƙasar mutane, a gaban ƙanwar matata, kuma ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba.

Mariama ta so mu yi mako. Sista ta ce a'a, da asuba za mu juya, akwai mai jiranta ko da ba ta sani ba. Aka cika mana jaka da kilishi da dabino. Ƙaramar fitila kuwa Mariama ta ce ba ta mayarwa, ta rataye ta a bangon ɗakinta, wai ta daɗe tana neman madubi mai kyau. A iyaka muka sake tarar da dogon jandarman nan. Ya dubi buhuna da ya zama fanko ya ce, "Tsoho, ina hitila?" Na ce an yi mata sauyin aiki. A karo na farko na ga haƙoransa ba a cikin ƙarfe ba.

Da muka sauka Kaduna ko gida ba mu je ba, muka zarce Unguwar Sanusi. Sista ta hau gado, ta ce da Madam Rifkatu ta zauna a benci ta ɗaga kai. Madam ta zauna, ta ɗaga, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Baba, ka kashe mu!" Ta tashi ta sake zama ta sake dubawa, kamar ko zai sauya. Na taka tebur na kwance abina. Ina neman buhu in sa, Madam ta ce, "A'a, Baba. Ba buhu. A ka za ka ɗauka, a ƙasa za ka taka har Tudun Wada, kuma ta bakin famfo za ka bi."

Na gane nufinta. Ba za a iya bi gida-gida ana bayani ba, maganar ba ta faɗuwa. Sai dai a gani. Haka na ɗora faifan ƙarfen nan a ka, yamma ta yi, mata sun cika bakin famfo, rana tana dukansa yana walƙiya kamar na ɗauko wata. Duk suka bi ni da kallo. Amma ina wucewa na ji an fashe da dariya a bayana, wata har da guɗa. Na ƙara gyara tafiya.

Na shiga gida da shi a ka. Talatu tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafu a kan kujera. Ta dubi abin da na ɗauko, ta sunkuyar da kai. Na jingine shi a bango na ce, "An sallame shi daga aiki." Mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na matsa na ce, "Ashe kin sani."

Ta ce, "Duk matan unguwa sun sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa, da ka ce matan Unguwar Sanusi ba su san aiki ba. Waccan kuwa da wane baki zan yi mata wannan magana? Mariama ce kaɗai za ta iya kwantar da kai."

Na ɗauki almakashina na nufi rumfa.

Sabuwar na yi ta yadda Sista ta ce. Kwano mai zurfi, baki sama, shuɗin fenti marar ƙyalli, hannuna yana ƙaiƙayin guga ina hana shi. A gindin na zana zabuwa da ƙananan huji, don na ga ɗigon haske zai yi kama da gashinta. Kafin in ɗaure waya sai da na kwanta a gadon na ce a matsa da ita nan, a matsa can. Ba wanda ya tilasta ni wannan karon.

Talatu ta je washegarin da aka rataya. Sista ta auna ta ta tarar jininta ya hau sosai. Ta sa ta hutu, ta ɗora ta a kan magani, tana duba ta a kai a kai, da lokaci ya matso kuma ita da kanta ta riƙe hannunta ta shiga da ita babban asibitin da take tsoro, ta tsaya a kanta har aka sauka. Mace aka samu. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Bitrus ya zo har rumfata yana ta godiya, na ce ya kai wa masu ita, ni ɗaukar kaya kawai na yi. Bencin jira kuwa yanzu sai da aka ƙara wani.

Tsohuwar fitilar tana shagon mai askin bakin layi. Ku da kuke tambayata, a cikinta kuke duba sanƙonku duk Juma'a.

Ranar da Talatu ta fito da jaririyar tsakar gida, ta ɗora mini ita a cinya, ta tsaya tana murmushi kamar mai son faɗin wani abu. Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "Baba, abin nan da ka zana a fitila, kwaɗo ne?"

Na ce, "Kwaɗo? Zabuwa ce!"

"To matan Romi sun ce kwaɗo ne. Ni na ce musu kaza ce. Amma ko mece ce, ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

Na miƙa mata 'yarta, na ɗauki guduma da ƙusa na nufi Unguwar Sanusi a fusace. Na jira mata suka ragu, na hau gadon na duba. Gaskiyarta ce, ƙafar hagu ta zarce. Na ce a kawo tebur in gyara. Sista ta riƙe gudumar ta ce, "Baba, kada ka taɓa. Kowace ta kwanta sai ta yi gardama a kan ƙafar nan. Kafin ta gama, na gama awona."

Talatu, yarinyar da a da take rufe ido ta ƙanƙame zani a kan gadon nan, ita ce ta kwanta har ta ƙare wa zabuwata kallo ta samo mata aibu. Na mayar da guduma aljihu.

Ƙafar tana nan yadda take. Wanda bai yarda ba, gadon yana Unguwar Sanusi, ya je ya kwanta ya gani. Ni dai a zuba mini shayina.